Baitin da Na Rufe da Guɗa

Karofane, ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Balkisa, a masaukin ƴan waƙa, Madawa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a zaune da tafe, ya tsare miki jikinki da mutuncinki da maƙogwaronki. Mu nan lafiya lau. Ba zan ɓata takarda da labarin awaki da na wadda ta haihu ba, don kawunki Sani ne ke rubuta mini, kuma tun ba a je ko'ina ba ya fara cewa hannunsa ya gaji. Wata shida ke nan da ya shiga karatun manya, yanzu ko gaishe shi aka yi sai ya gyara zaman alƙalami a kunne kafin ya amsa.

Tun ranar da babbar motar nan, kamyo, ta ɗauke ki daga tashar Buza na kasa zama wuri ɗaya. Sau uku na je rijiya a yini guda, randa kuwa cike take, don dai in sami wadda zan gaya wa cewa mutanen da suka zo neman mawaƙa sun saurari ƴan matan garuruwa da dama, suka ce ke suke so. Kwana goma ku yi gwaji a Madawa, sannan a kai ku Yamai a ɗauki muryarku a sa a radiyo. Matan Karofane sun fara kauce mini hanya, ni kuwa ko a jikina. Murna nake yi irin wadda ban yi ba tun ranar sunanki, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ai ba ke ce ta fari ba, balle a ce in yi kawaici.

Amma da kika ce mini waƙar daɓenmu za ki yi musu, wadda muke yi in muna daɓe ɗakin amarya, gabana ya faɗi. Na dai ci gaba da ƙulla miki yaji a tsumma. Bayan kin tafi kawunki ya bayyana mini cewa na'urar da za ta ɗauki muryarku ba ta mantuwa. Abin da aka zuba mata shi za ta riƙa maimaitawa, ko bayan ni da ke mun bar duniya. To, waƙar da na koya miki ba cikakkiya ba ce. Akwai baiti ɗaya da na cire, kuma in kika ba na'ura ita a haka, haka za ta zauna har abada. Abin da ya sa na zaunar da kawunki ke nan.

Kin san wurin nan, bayan "ƙasa ki kwanta, ɗiyarmu za ta taka," inda nake ajiye madaɓi in kama hanci in rangaɗa guɗa, ƴan amshi su shigo? Ke da duk ƴan matan garin nan kun ɗauka haka waƙar take. Ba haka take ba. A gurbin guɗar nan akwai baiti mai hawa sama, sama ƙwarai, wanda mai ba da waƙa ke yi a madadin uwar amarya, tunda ita kunya ba ta barin ta ta buɗe baki a ranar. Ga kalmominsa, kuma na sa Sani ya karanta mini su sau biyu don kada ya ci ɗaya:

"Tahi, ɗiyata, ni ina bisa dutsi,
ina hangen ki har kwari shi ɓoye ki."

Gwaggo Kulu, yayar babana, ita ta koya mini shi, Allah ya ji ƙanta. In ta kawo wurin, madaɓai kan yi sanyi da kansu, ki ga tsofaffi suna goge ido da bakin zane. Ba ta da wata babbar murya. Amma takan tashi daga ƙasa ta hau har can ba ki ji inda ta sauya ba.

Ranar da ta fara koya mini, ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjina, ta ce, "Yi magana. Kin jiya shina rawa? Wagga ita ta muryar ƙirji." Sai ta sa ni na yi ƙaramar guɗa, ta ɗora yatsana a karan hancina, ta ce, "Wagga kau ta kai ta. Tsakaninsu akwai ƙohwa, kuma gajera ta. Wadda tad ɗauko tulu, ba ga bakin ƙohwa ta ka duƙawa ba. Tun da saura taki biyu ta ka hwara sassautawa."

Abin da take nufi, Balkisa, shi ne kowace murya tana da wurin da take karyewa in ana hawa da ita. Ba a jira sai an iso wurin. Tun saura kalma biyu ko uku za ki fara rage mata nauyi, ki bar ta ta sirance, har in kin iso ki tarar kin riga kin shige. A baitin nan, tun daga "ni ina" ake fara sassautawa, don a kan "dutsi" ƙofar take.

Na ji, na gyaɗa kai, na watsar a bayan ɗaki. Lokacin ina da murya wadda in na yi kira daga rijiya ake amsawa a kasuwa. Da muryar ƙirji tsagwaronta nake ture baitin in kai shi sama, jijiyar wuya a miƙe, mutane suna cewa ba a taɓa yin kamar Habsu ba. Gwaggo kaɗai ke kallona tana taɓe baki. Kuskurena na farko ke nan: na ɗauka da ƙarfi ake hawa. Ke ma haka Allah ya yi ki, ƙirji gare ki kamar nawa, don haka ki ji tsoron yabon da ake yi wa ƙarfin muryarki. Ƙarfin na baitocin ƙasa ne. In za ki hau, ki bar rabinsa a ƙasa, zai jira ki.

Shekara biyu bayan aurena aka kira mu daɓe a Babankatami. Dangin ango sun zo daga Urno da tasu mai waƙa, doguwa, mai zobe a hanci, ta yi nata aka yaba. Ni kuwa raina ya ce sai na nuna mata ta zo ƙasarmu. Ɗakin cike, mu wajen ashirin a durƙushe, tsakuwa jiƙe, zafi kamar a tukunya. Da na buɗe baki sai na ɗauko waƙar daga sama da inda na saba. Tsahara, ƙawata tun muna ƴan mata, wadda ke jan ƴan amshina, tana gefena na dama. Ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce a hankali, "Habsu, kin ɗauko ta bisa. Sabko." Na harare ta na ci gaba. Da muka iso baitin ma ban ajiye madaɓi ba, don a ga ina iya bugu da hawa lokaci guda. Ina duƙe, ciki a matse, na ɗaga haɓa sama, na danna. A kan "dutsi" muryata ta tsage, ta yi irin ƙarar zakaran da ke koyon cara. Matan Urno suka fashe da dariya, har wata ta kwanta a kan daɓen da ba a gama ba.

Ki ɗauki abu uku daga nan. Kafin ki buɗe baki, ki fara zuwa wurin baitin a cikin ranki, ki ji inda yake, sannan ki sauko ki fara waƙar daga inda zai bar miki hanya. A Yamai za ki ga manya a kujeru da ƙarafa a gaban bakinki, zuciyarki za ta yi ta bugu, kuma zuciya mai bugu sama take tura waƙa. Ki fara ƙasa kaɗan da inda ta ce miki. Na biyu, haɓa. Muryar ba ta rataye a rufin ɗaki balle ki miƙa wuya ki ciro ta; ki sami wani abu daidai tsayin idonki ki kalla, kafaɗu a sake. Na uku, in sun sa ku durƙusa kuna kwaikwayon daɓe, ki ajiye madaɓi ki miƙe bayanki kafin baitin, numfashi ya sauka har ƙasan cibiya. Asalin ajiye madaɓi a wurin ke nan. Ba don guɗa aka yi shi ba.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma ina, taurin kai ya ce in sake. Na sake, ta tsage. Na sake na uku, sai iska kawai ta fito. A na huɗu, da na ga ƙofar tana zuwa, tsoro ya kama ni, na kama hanci na yi guɗa, ƴan amshi suka rufa mini asiri suka shigo. Ranar aka haifi guɗar da kika gada. Washegari ko "sannu" ba na iya cewa. Maimakon in yi shiru, sai na shiga cusa wa maƙogwaro duk abin da aka ce mini: citta, kimba, barkono, jar kanwa, har da wani ɗaci da ban san sunansa ba. Ina yi ina kakari, ina gwadawa kowace safiya in ji ko ta dawo. Sai da na yi kusan kwana arba'in ina magana da hannu, kuma da ta dawo, ba ta dawo duka ba.

Don haka in muryarki ta tsage a wurin gwaji, kuma za ta tsage, kowa tasa na tsagewa, kada ki sake bi ta kanta da zafin rai. In sun yi dariya ki taya su. Ki sha ruwa mai ɗumi, ki yi shiru har yamma. Kada ki yi raɗa, ya fi magana gajiyar da wuya. A cikin kamyo kuma na san ku, waƙa za ku yi ta yi kuna gasa da inji tun daga Madawa. Ki bar su su yi, ke ki yi tafi, ki rufe baki da hanci da gyale. In suka ce kina jin kai, ki ce innarki ce mafaɗaciya.

Yanzu ga abin da ya fi mini nauyi. Kawunki ya ɗago yana kallona, na ce ya mayar da idonsa kan takarda.

Da safen ranar daɓen, a hanya, Tsahara ta fasa goro ta ba ni rabi, kamar yadda muka saba. Ina kwance ba murya sai na yi ta juya goron nan a raina. Wasu mata suka zo duba ni, ɗaya ta ce ai in mai ba da waƙa ta faɗi, mai jan amshi ke hawa. Maganar ta yi mini daɗi, don ta fi sauƙin haɗiya a kan in ce ni na yi wa kaina. Ranar da murya ta dawo mini, abin da na fara yi da ita ke nan. Na tarar da Tsahara a rijiya, mata cike, na ce ta sa mini abu a goro don ta karɓe mini waƙa. Ba ta yi hayaniya ba. Ta gama cika tulunta, ta dube ni ta ce, "Habsu, ni na ba ki goro, Allah na gani. Ni kau na ce maki kin ɗauko ta bisa, shi ma Allah na gani." Ta ɗauki tulu ta tafi. Daga ranar ba ta sake waƙa a Karofane ba, don duk gidan da ta shiga sai a riƙa kauda ƙwarya. Da mijinta ya koma Madawa ta bi shi, ko sallama ba mu yi ba.

A can za ki zauna da ƴan matan da ba ki sani ba, ku ci a ƙwarya ɗaya. Wata rana muryarki za ta ƙi, kuma za a sami mai raɗa miki sunan wata. Kafin ki saurara, ki tambayi kanki daga ina kika ɗauko waƙar, ina haɓarki take, nawa kika yi ihu jiya. Wadda ta zungure ki ta ce ki sauko, ita ce taki, ki riƙe ta.

Kin san ranar da na tabbatar Tsahara ba ta yi mini komai ba? Ke kika nuna mini. Kina da shekara goma sha huɗu, kina daka a tsakar gida kina wata waƙar ƴan mata mai hawa. Ina tankaɗe ina kallon ki. Kika ɗaga haɓa, jijiyar wuyanki ta miƙe, muryar ta tsage daidai yadda tawa ta yi, har ƙarar iri ɗaya. Ke kuwa ba wanda ya ba ki goro. Rariya ta kusa faɗuwa daga hannuna. Ranar ya kamata in zaunar da ke in ɗora hannunki a ƙirji yadda Gwaggo ta yi mini. Amma in na koya miki ƙofar, sai kin tambaye ni me ya sa ni ba na shiga, ni kuma ban shirya amsawa ba. Sai na ce miki, "In kin ga za ta ƙi, yi guɗa, ba mai ganewa." Na koya miki ɓuya da bakina. Wannan ya fi duk sauran ci mini rai, ki yafe mini.

To, share ido, ga na daɗi, don tun jiya nake neman wanda zan gaya wa.

Jiya da hantsi na tafi kwari neman itace, ni kaɗai sai akuyarmu mai ƙaho ɗaya da ta biyo ni. Na ce bari dai in gwada abin Gwaggo, tunda ba mai ji. Na rufe baki na yi ta gunji a hanci, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ban fara daga ƙasa ba. Na fara daga sama, daga inda guɗa take zama, na riƙa zamewa ƙasa sannu sannu har na iso muryar magana, sannan in koma ta hanyar da na sauko. Haka ta ce: hanyar da ta sauko da ke ita za ta mayar da ke. Da farko duk zuwa sai na yi tuntuɓe a wuri guda. Na rage ƙarfi, na sake ragewa, har ni kaina da ƙyar nake jin kaina. Can sai na ji na wuce ba tuntuɓe. Na buɗe baki kaɗan, ban wage shi ba, na tattara leɓe kamar mai hura kunu, na sa kalmomin. Balkisa, na haye. Bayan shekara ashirin da wani abu, na haye "dutsi" ba ta tsage ba! Siririya ce, ba za ta cika ɗaki ba, kuma ƙarshen baitin ya kuɓuce mini don na fara kuka. Akuyar ta bar cin ƙaya ta tsaya tana kallona, ni kuma na zauna a kan itacen ina dariya ina share majina.

In tsohuwar murya mai tabo ta iya, taki sabuwa fa? Kowace safiya, kafin ku fara gwaji, ki keɓe ki yi gunjin nan, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, baki rufe. Kada ki nemi ƙara, ki nemi santsi. Ƙarar za ta zo da kanta daga baya, kuma kawunki ya ce ƙarfen da ake waƙa a gabansa yana jin ko numfashi, ba sai an yi masa ihu ba.

Sai dai takarda ba ta ɗaukar karin waƙa. Na ba ki kalmomi, amma yadda baitin ke lanƙwasa ya sauko a "kwari shi ɓoye ki," wannan sai daga baki zuwa kunne, kuma ni kaina jiya na gane wutsiyarsa ta ɓace mini. Gwaggo ta rasu. Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta san shi daga kai har ƙafa, kuma tana garin da kike.

Ki nemi izinin mai kula da ku, ki je inda ake sayar da tabarmi a kasuwa, ki tambayi Tsahara ta Karofane mai saƙar kaba. Gajera ce, mai wushirya, in dai haƙoran suna nan. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki kira ta Inna. Na ɗaure goro biyar a ganye tare da takardar nan, ki miƙa mata da hannu biyu. Ki ce ke ɗiyar Habsu ce. In ta juya miki baya, ki tsaya, tana da gaskiya. Ki ce mata, in ji ni, na ɗauko ta bisa. Ki ce ni na fasa muryata da kaina, kuma ranar kasuwa mai zuwa zan faɗi haka a bakin rijiyar da na ɓata ta, da ƙarfi, yadda na faɗi wancan. Sannan ki roƙe ta ta fasa goro ɗaya ta ba ki rabi da hannunta, ki ci a gabanta. Na san na hana ki goro don yana busar da maƙogwaro. Wannan ɗaya na yarda, ki bi shi da ruwa. Bayan nan ki roƙe ta baitin. Ba na jin za ta hana, don ta fi ni son waƙar, kuma ta fi ni hali tun muna yara.

Ranar da za a sa ku, mai gari ya ce zai fito da radiyonsa ƙofar gida, kuma na riga na gaya wa kowa wurin da zan shimfiɗa tabarmata, gaba da na kowa. Na san hannuna. Da kin ce "ɗiyarmu za ta taka," zai tafi hanci da kansa, don ya saba. Na gaya wa matar kawunki ta zauna kusa da ni ta riƙe shi gam. Ba zan rufe ki ba. Zan yi shiru in bar ki ki hau, ko ta yi santsi ko ta yi rawa, matan Karofane su ji abin da na ɓoye musu. Guɗar tana nan, na ajiye miki ita sai kin sauka.

Allah ya kai ku Yamai lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe da na baki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya dawo mini da ke lafiya. Babanki yana sa miki albarka, kawunki yana gaishe ki yana yarfa hannu. Ki gaishe mini da Tsahara, in ta amsa.

Tafi, ɗiyata. Ni ina nan bisa dutsi.

Innarki,
Habsu